Zoben baiko mai daimon: ina zan samu mai gaskiya, kuma me ake dubawa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gwal da duwatsu, musamman iyayenmu mata masu zuwa Dubai da 'yan uwa mazauna waje.

Alhamdulillah an kai kuɗin gaisuwa, manya sun zauna, in Allah ya yarda bayan ƙaramar sallah za a sa rana. To yarinyar tun farkon haɗuwarmu ta taɓa ce min ita tana sha'awar zobe mai daimon daga hannun wanda za ta aura, ko da ɗan ƙarami ne, ba ta ce dole ba kuma tun daga ranar ba ta ƙara ɗago maganar ba, amma ni abin ya zauna min a rai kuma wlh ina son in yi mata, don yarinya ce mai kawaici, ba ta taɓa ɗora min nauyin komai ba. Na ware wajen miliyan biyu saboda wannan, ban taɓa kuɗin lefe da na sadaki ba, su suna gefe.

Matsalar ita ce na leƙa shaguna a nan Abuja, na cikin kasuwa da na cikin plaza, kaina ya ɗaure. Wani ya ɗauko min zobe ya ce karat ɗaya ne, ya dangwala masa wata na'ura mai siffar biro ta yi ƙara ta kawo wuta, ya ce ka gani orijinal ne. Na je wani shagon na ga dutsen da bai kai rabin wancan ba amma kuɗinsa ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ni a idona duk ƙyalli ɗaya suke yi. Ga 'yan Instagram su kuma kowa da nasa farashin, wai ka tura kuɗi a yo maka oda daga Dubai ko Turkiyya. Ta yaya mutum zai gane na gaske? Wane irin mai shago ne za a yarda da shi? Sannan gaskiya ne abin da abokina ya ce wai daimon kadara ne kamar gwal, in ta shiga matsi wata rana za ta iya sayarwa ta ci riba? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Maman Walid:

Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin, Allah ya bar ku tare. Ƙanena na ji daɗin yadda ka riƙe maganar da ta faɗa sau ɗaya, ba kowane namiji ke yin haka ba.

Ni sana'ata gwal ce, na daɗe ina saro shi ina kawo wa mata, don haka bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce ta fi tsaya min a rai. Abokinka bai faɗa maka daidai ba. Gwal yana da farashi ɗaya a duniya, kullum ana sanar da shi, ka shiga kasuwar gwal ta Deira a Dubai za ka ga allo an rubuta kuɗin giram na ranar, na karat 24 daban na 22 daban na 21 da na 18 kowanne daban. Mace ta ɗauki sarƙarta ta je Kano ko Kaduna ko Yamai ko Makka, a ɗora a sikeli a lissafa mata a ba ta kuɗinta a take. Waɗanda suka sayi gwal kafin a saki naira a 2023 kowa ya ga yadda suka kwashe, ga shi a 2025 kaɗai oza ɗaya ta wuce dala 3,000 a watan Maris, zuwa Oktoba ta haye 4,000. Daimon ba haka yake ba ko kaɗan. Kamar sabuwar waya ce, kana ɓare ledarta ka fito daga shago kuɗinta ya faɗi. Kuma mu nan arewa in mace ta kawo zobe mai dutse za ta sayar, abin da mai gwal zai yi shi ne ya cire nauyin dutsen ya biya ta kuɗin gwal ɗin kawai, da yawansu ko kallon dutsen ba sa yi don ba su da wanda za su sayar wa. Na sha ganin matan da suka zo da zobe da murnarsu suka koma ido ya yi ja.

Ba wai ina hana ka ba ne. Ka saya mata, kyauta ce kuma za ta ji daɗi har ranta. Amma ka sa a ranka kyauta ka yi, ba ajiya ba. In ajiya kake so ka yi mata, wannan a lefe ake yi, ka sa mata sarƙa da ɗan kunne ko warwaro na 21 ko 22 mai nauyi wanda ba shi da duwatsu, shi ne zai rufa mata asiri ranar da babu.

Sai maganar zoben kansa. Za ka ga kusan duk zoben daimon da gwal 18 ake yinsa, kar ka ce an cuce ka, dalili ne. Na 22 yana da laushi, 'yan haƙoran da suke riƙe dutsen za su iya buɗewa dutsen ya faɗi ba ta sani ba. Ka juya cikin zoben ka duba hatimi, 750 shi ne 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22, in ka ga 585 to 14 ne. Hatimin ma ana buga na ƙarya, shi ya sa mai shagon da za ka yarda da shi shi ne wanda zai rubuta maka a rasit komai dalla-dalla, gwal karat kaza giram kaza, kuɗin aiki kaza, dutse nauyi kaza lambar takardarsa kaza, ya sa hannu ya buga hatimin shago. Duk wanda ya ce maka ai mu da amana muke yi ba sai an rubuta ba, ka yi masa godiya ka fita. Kuma ka tambaye shi kai tsaye, in na dawo maka da shi nawa za ka karɓa? Ka kalli fuskarsa lokacin da yake ba ka amsa. Mai gaskiya zai faɗa maka adadi ko da kaɗan ne, ko ya ce zai yi maka canji ka yi ciko, wancan kuwa zai fara kame-kame.

Ka nemi mai shago a zaune wanda ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, wanda mamanka ko yayyenka mata suka san shi. Su ne suka san waye waye a harkar nan, ka tafi da ɗaya daga cikinsu.

Abu na ƙarshe, farin gwal yana da kyau da daimon sosai amma ka san halin mutanenmu, gwaggonni za su karɓa su jujjuya su ce au azurfa ya kawo mata? In ita ba ta damu ba shikenan. Amma ka sani farin nan da kake gani shafe ne ake yi masa a sama, yana gogewa a hankali ya fara komawa ruwan ɗorawa sai an mayar an sake shafawa, kuma ba kowane maƙeri ke yin wannan aikin a nan ba.

Abu Hanan:

Slm. Allah ya sa albarka ɗan uwa. Hajiya ta gama magana a kan gwal, ni bari in taɓa dutsen. Ina zaune a Birmingham ta Ingila, akwai unguwa guda ta maƙera da masu duwatsu a garin, Jewellery Quarter, a nan na koyi ɗan abin da zan faɗa maka lokacin da nake neman na uwargida.

Na'urar nan da aka dangwala maka, kar ta sa ka fitar da ko sisi. Abin da take aunawa kawai shi ne yadda dutse yake jan zafi. Akwai wani dutse moissanite da ake haɗawa a masana'anta, shi ma yana jan zafi sosai, yawancin ƙananan na'urorin nan ƙara suke masa kamar daimon, alhali kuɗinsa ko kusa bai kai ba. Yana da ƙarfi kam, a ma'aunin tauri daimon 10 ne shi kuma 9.25, kuma yana da kyau, matsalar kawai a sayar maka da shi da sunan daimon. In ka kai shi rana za ka ga walƙiyarsa ta cika launuka kala-kala fiye da ta daimon. Sannan akwai daimon ɗan leb, wato wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, shi wannan daimon ne na gaske, sinadarinsu ɗaya taurinsu ɗaya, bambancin kawai ba a ƙasa aka haƙo shi ba, a cikin inji aka raine shi cikin 'yan makonni. Shi kam ba wannan biron ba, ko gogaggen mai shago da madubinsa ba zai bambance shi da ido ba sai an sa a manyan na'urori. Ina kyautata zaton wannan ne dalilin da ka ga babba da araha ƙarami da tsada.

To abin da zai cece ka shi ne satifiket, kuma ba katin da shago ya buga da sunansa ba, na cibiyar da ba ta sayar da dutse. Wadda aka fi yarda da ita GIA ce ta Amurka, tun 1931 take, kuma ita ta fito da tsarin awon da duniya take bi yanzu. Akwai IGI da HRD, su biyun asalinsu Antwerp ta Beljiyam, yawancin 'yan leb da takardar IGI suke zuwa. Kowace takarda tana da lamba, ka shiga shafinsu a wayarka nan a gaban mai shagon ka sa lambar, bayanin dutsen zai fito. Galibi an zana lambar da leza a gefen dutsen, can a ƙugunsa, ƙanana ne sosai sai da madubi, ka ce ya ba ka madubin ka gani da idonka. Kar ka tsaya nan, don an sha kama 'yan leb da aka zana musu lambar wani dutsen ƙasa, GIA da kanta ta yi gargaɗi a kan haka. Ka sa ya auna faɗin dutsen da milimita a gwada da abin da ke takarda, in dutsen ba a ɗaure yake a zobe ba a ɗora shi a sikeli ma. Takardar tana faɗa ƙarara na ƙasa ne ko ɗan leb.

Abubuwa huɗu za ka gani a takardar, nauyi da launi da tsabta da yanka. Mutane nauyi suke bi, ni kuma wlh in za ka ji tawa yanka za ka fara dubawa, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Dutse mai zagaye fuska 57 ko 58 ake yanka masa, in an daidaita kusurwoyin haske yana shiga ya dawo maka ta sama, shi ne walƙiyar da ake biya wa kuɗi. In an yanka shi da zurfi da yawa ko an baje shi don a tsirar da nauyi, hasken ta ƙasa yake zurarewa, sai ka ga dutse babba amma tsakiyarsa duhu. A nan kar ka sassauta, ka nemi wanda aka rubuta Excellent, in ya yi ƙasa Very Good. Kuma fitilun shagunan nan an tsara su ne don komai ya yi ƙyalli, shi ya sa ka ga duk ɗaya suke. Ka roƙa a fito da shi bakin ƙofa ko jikin taga, ka kuma kare shi da tafin hannunka ka gani ko yana da rai a inuwa.

Launi daga D yake farawa, shi ne fari tas, ya gangara har Z mai ɗorawa-ɗorawa. D da E da F kuɗi ne kawai za ka zuba, in an ɗaura a zobe ba mai gane bambancinsu da G ko H. In ma jan gwal za ka sa, kana iya sauka har I ko J don launin gwal ɗin yana ɓoye shi. Tsabta kuma ana duba ta ne da madubi mai ƙara girma sau 10, ana neman 'yan tabo da tsaga a ciki. A matakan tsabtar da ake rubutawa a takardar, VVS ya fi VS, VS ya fi SI, SI ya fi I. VVS ɓarnar kuɗi ce ga mai bajet irin namu. VS2 ya isa, SI1 ma yana yi in ka duba da ido ba ka ga komai ba kuma tabon ba baƙi ba ne a tsakiyar fuska. Wanda aka rubuta I1 zuwa ƙasa ka bar shi.

Nauyi, karat ɗaya na dutse giram 0.2 ne, ba ruwansa da karat na gwal. Mai zagaye karat ɗaya faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, rabin karat wajen 5.1, ka ga nauyi ya ninka amma faɗi bai ninka ba. Farashi yana tsalle ne a kan cikakkun lambobi, don haka 0.45 ko 0.90 sun fi 0.50 da 1.00 sauƙi kuma ido ba ya ganewa.

Da kuɗin da ka ambata, in na ƙasa mai takarda kake so haɗe da zoben 18, da kyar ka kai rabin karat. Ɗan leb kuwa za ka iya samun karat ɗaya mai kyau. Farashin 'yan leb ya zube sosai, De Beers ma, babban kamfanin haƙar daimon, da kansu sun buɗe kamfanin Lightbox a 2018 suna sayar da karat a dala 800, a 2025 suka sanar za su rufe shi saboda faɗuwar farashi. Ma'ana ɗan leb in ka saya ka manta da maganar sayarwa gaba ɗaya, amma tunda Hajiya ta nuna maka na ƙasan ma ba wani abin kirki ake samu ba, ni a ganina ba aibu ba ne. Sharaɗi ɗaya, ka faɗa wa yarinyar gaskiyar abin da ka saya mata, kar ta je tana cewa na ƙasa ne wata rana wani ya ƙaryata ta a gaban mutane.

In wani mai shago ya ce maka ai ƙa'ida albashin wata biyu ake kashewa, talla ce ta De Beers, su ne dai suka fito da taken nan na cewa daimon na har abada ne a 1947. Ba ta hau kanka ba.

Almajirin Zazzau:

Allah ya sanya alheri. Ni ba masanin dutse ba ne, tunatarwa ce kawai. Kyauta ga wadda kake nema halal ce, gwal da daimon duk sun halatta ga mace. Inda malamai suka yi magana shi ne a ɗauki zoben da wata aƙida, wai shi ke riƙe soyayya ko cire shi mugun abu ne, da kuma ka kama hannunta ka zura mata a gaban jama'a ana hoto alhali ba a ɗaura ba, har yanzu ba matarka ba ce. Ka ba ƙanwarka ko gwaggonka su kai, ko ka miƙa mata a kwalinsa a gidansu da sanin iyayenta. In an ce a yi muku iri ɗaya, kai naka azurfa, gwal bai halatta gare ka ba ko fari ne ko ja.

Sannan ku fayyace tun yanzu kyauta ce ko cikin sadaki ne, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ba fata ake ba, amma a mazhabarmu ta Malikiyya in namiji ne ya fasa ba ya karɓar kyautar da ya bayar, in daga wajenta ne fasawar ta zo akwai maganar mayarwa, sai dai in al'ada ko sharaɗi ya nuna wani abu daban. Abu mai tsada irin wannan gara waliyyai su san da shi. Kuma dan Allah kar ka ci bashi a kansa, gaba akwai kayan ɗaki da haya da cefane.

Ɗan Gwammaja:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hajiya na ji maganarki, zan tafi da yayata, ita ma tana da mai gwal ɗinta da ta daɗe da shi. Malam in sha Allah ba bashi, kuma ta hannun ƙanwata zan aika, na gode da tunatarwa.

Yaya Abu Hanan akwai wata a Instagram da ta turo min bidiyon zobe da hoton takardar IGI, ta ce in tura kashi 70 sauran in kaya ya iso. Na sa lambar a shafin kamar yadda ka ce kuma ta fito, ɗan leb ne karat 1.02, launi F, tsabta VS1. Wannan ya isa in tura? Sannan ban san sayiz ɗin yatsanta ba kuma so nake ya zo mata ba zato, ya zan yi?

Ummu Sultan:

Ɗan uwa ni a matsayina na mace mai sa irin zoben nan kullum, roƙonka nake ka rage son ba-zatan nan kaɗan. Ita za ta sa shi shekara da shekaru ba kai ba. Ba sai ka ce mata ga abin da za ka saya ba, ƙanwarka ko aminiyarta za su iya zama da ita suna kallon hotuna a waya su ji wanne take so, mai zagaye ko mai siffar ƙwai, jan gwal ko fari, dutse ɗaya tilo ko mai 'yan ƙanana kewaye. Mu mata mun iya wannan binciken, cikin hira ɗaya an gama.

Abin da maza ba sa lura da shi shi ne tsayin zoben. Waɗanda kake gani a hoto dutsen ya yi sama can a kan dogayen haƙora, suna da kyau a hoto amma mu da muke fama da mayafi da leshi da hijabi azaba ne, yana kama zare ya ja, mayafin shifon mai tsada sai ka ga layi ya fito a jikinsa tun daga sama har ƙasa, in ta haihu kuma tana tsoron ya karce fuskar jariri. A nawa haƙori ɗaya har ya taɓa lanƙwashewa don ya maƙale a leshi na fizga, Allah ya taimaka na ji dutsen yana motsi na kai aka matse. Ka nemi wanda dutsen ya zauna ƙasa-ƙasa, mai haƙori shida ya fi mai huɗu aminci don ko ɗaya ya buɗe sauran suna riƙe, ko kuma wanda aka zagaye dutsen da gwal gaba ɗaya, shi ba ya kama komai. In ma'aikaciyar asibiti ce mai sa safar hannu to wannan na ƙarshen ne kawai zai yi mata. Ƙarfen zoben ma kar ya cika siriri, sirarin nan na yayi suna lanƙwashewa.

Sayiz kuma, a samo zoben da take sawa a wannan yatsan dai, ba na wani yatsa ba, a kai wa mai gwal ya zura a sandar awo, ko a auna faɗin cikinsa da milimita. Ka riƙe milimitar don lambobin ƙasashe sun bambanta, Ingila haruffa suke amfani da su, Amurka lambobi, 6 na Amurka milimita 16.5 ne 7 kuma 17.3. Ka tuna yatsa yana kumbura da zafi ya saki da sanyi, wanda aka auna da hunturu zai iya matse ta a watan Afrilu, ga kuma ƙibar amarci da ta goyo. In ya ɗan yi yawa gyaransa ya fi sauƙi. Amma wanda aka jera wa duwatsu ya zagaye gaba ɗaya ba ya gyaruwa, kar ka saye shi da ka.

Ka kuma gaya mata daimon yana son maiko, man shafawa da man girki da sabulu suna taruwa a ƙarƙashinsa ya dushe har ta zaci jabu ne. Ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke da tsohon buroshi mai laushi, shikenan ya dawo. Ta cire in za ta yi kwaɓi ko wanki da bilic don bilic yana cin gwal, amma kar ta riƙa ajiyewa a bakin famfo wajen alwala, can ne zobba suka fi ɓata, ta samu ɗan kwano guda a ɗaki.

Abu Hanan:

A'a ɗan uwa kar ka tura. Lambar ta fito yana nufin akwai dutse mai wannan lambar a duniya, ba ya nufin shi ne a hannunta ko shi za ta aiko maka, hoton takarda kowa zai iya ɗauka a intanet. Ba ina cewa matar maƙaryaciya ce ba, wataƙila mai gaskiya ce, amma kashi 70 ya yi yawa a kan abin da ba ka riƙe ba. Ka ce ta yi maka kiran bidiyo ta nuna lambar a jikin dutsen ta madubi, ta faɗa maka inda shagonta yake a je a gani, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa in kaya ya iso za ka kai wa wani daban ya duba, in bai dace da takarda ba ta dawo da kuɗinka cif. In ta yarda da duk wannan to a ci gaba da magana da kafin alƙalami kaɗan. Kuma ka lura ba ka faɗo mana yankan ba, F da VS1 kawai ta nuna maka, koma ka duba me aka rubuta a wajen. Ni da za ta samo G ko H, VS2 mai yanka Excellent da ya fi maka, ragowar kuɗin a ƙara wa zoben kauri kamar yadda Ummu Sultan ta ce.

Maman Walid:

Ƙanena ga wata hanya da nake ganin ta fi maka kwanciyar hankali. Ka raba sayen biyu. Dutsen a saye shi a sake, ba a ɗaure ba, a cikin ledarsa da takardarsa, don a haka ne ake iya auna shi a duba shi ta ko'ina, in an riga an ɗaura haƙori yana iya rufe tabo. In kana da wani naka na jini mai zuwa Dubai, ban da Deira akwai Gold and Diamond Park a kan titin Sheikh Zayed, shaguna ne da maƙera a wuri ɗaya, ya zaɓi dutse kana kallo ta bidiyo a ɗaura masa a zoben da kuka zaɓa, a rubuta lambar dutsen a rasit. A can ana tayawa, kuɗin gwal ne ba a taɓawa amma kuɗin aiki da na dutse ana ragewa sosai, kar ya ji kunya. Akwai harajin kashi 5 da suke ɗorawa, ya nuna fasfo a shagon a yi masa rajistar baƙo, a filin jirgi za a mayar masa da mafi yawansa. Ya riƙo zoben a jakar hannu da rasit ɗin, kar ya sa a akwatin da za a auna.

In ba ka da mai zuwa, to mai gwal ɗin yayarka ya yo maka odar da sunansa, kai kuma ba ka cika kuɗi sai ka ga lamba ta dace da takarda. Tunda sai bayan sallah ne kana da lokaci, amma ka fara yanzu don in azumi ya raba maƙera aiki yana yi musu yawa, kuma ka bar sati biyu a gaba saboda gyaran sayiz.